Jar Wuta a Birnin Zarambu

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya warwatsa 'yan Adam a bayanta, ya ba kowane gari ruwansa da al'adarsa. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin Rafin Kanya, ga kuma labarin saukata a birnin Zarambu da abin da kwanakin farko suka karɓe mini a can.

Ban tashi na san uwa ko uba ba. Gwaggo Yalwa, yayar mahaifina, ita ta goye ni, ita ta kai ni makaranta har na iya haɗa baƙi. Doguwar mace ce mai kaifin baki, wadda ba ta cin abincin gidan kowa sai an yi mata tayi an sake. Da tsufa ya zo mata sai tari ya shiga ƙirjinta ya zauna. Muka dafa sassaƙe da saiwa har tukwanenmu suka rine, tarin bai motsa ba. Ana nan wani madugu ya ba mu labarin wani birni can bayan Duwatsun Ƙanƙara, inda masu magani ke yi wa mai ciwon ƙirji surace a kan wata shuɗiyar wuta, ya tashi sumul. Na sayar da gonarmu na sayi jakuna, da niyyar idan ta warke ni ma in zauna in koyi maganin. Gwaggo ta ce ita ba ta ga abin da zai kai tsohuwa ƙarshen duniya ba, amma tunda na sayar da gonar ban shawarce ta ba, za ta bi ni ta ga inda haukata za ta tsaya.

Muka bi ayari. Muka ratsa Fadamar Gishiri, inda ƙasa ke ƙara ƙarƙashin kofato kamar ana taka fasassun tukwane. Muka ƙetare kogin da ke gudu daga kwari zuwa tudu, muka yi zango a ƙasar wasu mutane da ke tatsar raɓa daga gashin tumakinsu domin sha. Daga nan itatuwa suka yi ta gajarta, sanyi yana ƙaruwa. A kurmi na ƙarshe madugu ya ce kowa ya ɗaure itace, don gaba babu ko tsinke. Na ɗora wa jaki guda har ya durƙusa. A wani zango da ke hangen ganuwa madugu ya sallame mu. Ya ce shi iyakarsa ke nan, nan fatake ke musayar kaya su juya, bai taɓa shiga birnin ba.

Zarambu na kwance a cikin kwari, gidajensa na baƙin dutse, kuma abin da na fara lura da shi shi ne babu hayaƙi ko ɗis a samansa. Ta kowace taga wani shuɗin haske ke leƙowa. A ƙofar gari na yi sallama. Mai tsaron ƙofa ya rusuna mini da ladabi, bai amsa ba. Ya ɗauko wani ɗan kasko na yumɓu, babu komai a ciki, ya sa mini a hannu, ya nuna mini wani lungu. Na zaci na shan ruwa ne, na yi godiya na jefa shi cikin mangala.

A lungun nan, wanda daga baya na san unguwar Masaƙa ce, muka tarar da gida buɗe, an share shi tsaf, babu kowa. Muna sauke kaya sai maƙwabta suka firfito, kowa ya tsaya a bakin ƙofarsa, maza da mata, kowanne riƙe da kasko irin nawa da shuɗin garwashi a ciki. Suka zuba mana ido. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suna rusunawa suna murmushi, babu wanda ya buɗe baki.

To, mu a Rafin Kanya baƙo ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Tabarmarsa yake shimfiɗawa ya zauna, kafin ya kwance kaya ruwa da akushi sun iso. Baƙon da ya fara tambaya ya kunyata kansa, ya kuma zagi garin da rowa. Saboda haka muka shimfiɗa tabarma a soro muka zauna muna jira. Su ma suna tsaye suna jira. Rana ta yi gora, ta faɗi, wani sanyi ya sauko daga duwatsu wanda ban taɓa jin irinsa ba, yana shiga ƙashi kamar allura. Na ce wa Gwaggo bari in tsallaka in ɗebo wuta a gidan da ke kallonmu.

Ta ce, "Zauna. Yau muka sauka, yau za ka fara yawon roƙo? In sun san mutunci za su aiko."

Na zauna. Ba a jima ba tari ya turnuƙe ta, ta tofar, na ga jini a ƙasa. Ban sake shawartar kowa ba. Na shiga ciki na jera itace a murhu, na ɗauko ƙyastu na buga. Wuta ta kama, ja, irin ta gidan kowa, hayaƙi ya bi ta rufi ya tashi. Sai na ji lungun gaba ɗaya ya yi ajiyar zuciya. Na leƙo. Matar gidan da ke kallonmu ta lulluɓe kaskonta da gefen zane ta shige da gudu. Ƙofofi suka yi ta rufuwa har ƙarshen lungu. Gwaggo ta matso jikin wuta tana shan kunun da na dama, tana cewa ai ga irinta nan, garin da ba a amsa sallama me za a samu a cikinsa.

Da safe na ɗauki guga na tafi rijiya. Matan da na tarar suka janye gugunansu suka koma gefe, suka juya mini baya har na gama. A kasuwa duk rumfar da na tsaya sai mai ita ya juya ya fuskanci bango. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ture ni. Da zagi suka yi da na san abin da zan mayar. Wasu fararen tsuntsaye masu dogon baki kuwa suna bina a sama suna kuka, duk inda na nufa mutane na darewa tun kafin in iso.

Ina komawa hannu rabbana sai na ji murya a bayana, muryar farko da ta nufe ni a garin nan.

"Kai ne sarkin hayaƙin da ya tashi unguwar Masaƙa jiya?"

Wani tsoho ne gajere, da guduma a kafaɗa, tufafinsa duk ƙaurin hayaƙi. Sunansa Tunau, aikinsa fasa ƙanƙarar da ke rufe bakin rijiyoyi kowace safiya. Na gaishe shi har ƙasa, don daɗin jin an yi mini magana. Ya tambaye ni ina kaskon da aka ba ni. Na ce da shi nake ba gwaggota ruwa. Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya zaunar da ni ya warware mini.

Ya ce wutar Zarambu ba ta cin itace, maganar mutane take ci. Gaisuwa da hira da faɗan miji da mata, duk abincinta ne, abin da ta ci da yini shi ke kai ta safiya. Shi ya sa a garin nan ba a barin gida shiru. Baƙo idan ya sauka, shi ke ɗaukar kaskonsa ya zaɓi ƙofa ya roƙi garwashi. Wanda ya ba shi ya zama uban wutarsa: shi zai nema masa sana'a, shi zai tsaya masa wajen aure, shi zai ɗauki makararsa. Kuma ba a yi wa baƙo magana kafin ya zaɓa, don kada a ce an yi masa dole. Mutanen da na gani tsaye jiya, kowa addu'a yake yi in zo ƙofarsa.

Amma shuɗiyar wuta ba ta haɗa gida da ja. Ko ƙaurin hayaƙi ta ji a jikin mutum mutuwa take yi, haka kuma maganar wanda ya yi hira da mai hayaƙi guba ce a gare ta. Duk wanda ya amsa mini sai ya kwana a waje har ƙaurin ya bar bakinsa. Na ce to mene ne mafita. Ya ce a kashe jar wutar, a zauna a gidan cikin sanyi har ƙanƙara ta fito a kan duwatsun murhu, sannan a ɗauki kasko a fita kamar yau aka zo. Shi da ya sauka yana saurayi kuskurena ya yi, ya gwada zaman sanyin ya kasa, yatsun ƙafarsa suka zube, ya sake hura wuta. Tun daga nan yake bayan ganuwa yana ƙona kashin tumaki.

Na ce, "Baba, gwaggota ba za ta kai safiya ba in babu wuta."

Ya ce, "To ka ga inda gizo ke saƙa, samari."

Ya nuna mini wani faffaɗan dutse kusa da ƙofar gari, inda mutanen kirki ke ajiye gurasa da busasshen nama domin masu hayaƙi, su wuce ba su waiwaya ba. Na ɗiba ina jin kamar in nutse. Na gaya wa Gwaggo a kasuwa na saya. Ta gutsura ta ce masu gurasar garin nan ba su san gishiri ba. Ban gaya mata komai daga abin da Tunau ya faɗa ba, don na san ita ce ta ce in zauna a daren farko.

Itace yana raguwa, tari yana ƙaruwa. Sai zuciya ta raya mini cewa abin da ba a ba ni ba ina iya ɗauka. Da hantsi, lokacin da mai gurasar unguwa ya fita kai wa masu saye, na faɗa ta bayan tandunsa na ɗebo garwashi a kasko. Ba ya ƙuna a hannu, ɗuminsa ne ke ratsa jiki a hankali. Ina fitowa tsuntsayen nan suka taso mini, suna saran kaina suna kuka, mutane suka fara leƙowa. Na kutsa cikin garken tumaki da ake korawa kiwo, na warware rawanina mai ƙauri na ɗaura wa wani rago a ƙaho, na ɗaɗa masa duka. Ya zabura ya yi gabas, tsuntsaye suka bi shi, ni kuwa na rarrafa ta ƙarƙashin tumaki na ɓulle wani lungu. Na iso gida ina haki, ina ganin na yi dabara. Na duba kasko, sai baƙin dutse mai sanyi. Ban gama kallonsa ba na ji kuka daga gidan mai gurasa. Wutar tandun da ya gada daga kakansa ta mutu saboda na tsaya a kanta. Washegari ma an ajiye gurasa a kan dutsen masu hayaƙi, amma ban iya taɓa ta ba.

Da dabara ta ƙare sai na tafi gidan Inna Tabawa, babbar mai maganin ƙirji, wadda saboda ita muka baro gida. Na tsaya nesa da ƙofarta na durƙusa, na faɗi ciwon Gwaggo tun daga farkonsa. Tana tsakar gida tana daka magani, ba ta ɗago ba. Can sai ta fara magana da turminta.

Ta ce, "Turmi, da kana da kunne da na gaya maka ciwon nan ina da maganinsa. Amma akwai masu jinya kwance a ɗakina, wutata ce ke riƙe da numfashinsu. Ba zan kashe su saboda mutum ɗaya ba."

Ta ci gaba da gaya wa turmin cewa a ƙwanƙolin dutsen da ke arewa da gari akwai kogon Uwar Wuta, inda duk garwashin Zarambu ya samo asali. Garwashin da aka ɗebo daga can kai tsaye ya fi ƙarfin hayaƙi, idan ya shiga gida shi ke cinye jar wuta, ba sai an yi zaman sanyi ba. Ba a hana kowa zuwa ba, sai dai akwai makafin kuraye farare a hanya, masu farauta da kunne, kuma garwashin nan mayunwaci ne, idan mai ɗauke da shi ya yi shiru na ɗan lokaci sai garwashin ya mutu. Ta ce wa turmin masu zuwa suna da yawa, masu dawowa ne ba ta cika gani ba. Na yi wa turmi godiya na tashi.

Na tara sauran itacen kusa da shimfiɗar Gwaggo inda hannunta zai kai, na cika randa, na roƙi Tunau ya riƙa leƙa ta. Na ce mata zan je ɗebo wani magani a kan dutse. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce tun ina ƙarami idan zan yi ƙarya kunnena ke motsi, amma in je, Allah ya tsare.

Hawan dutsen nan shiru na yi shi, na naɗe ƙafafuna da tsumma, ina numfashi ta cikin hannun riga. Na ga kurayen kwance a kan ƙanƙara, kowace ta kai maraƙi, idanunsu farare fat, kunnuwansu na juyawa kamar na jaki. Hanya biyu ce: ɗaya shimfiɗaɗɗa ta tsakiyarsu, ɗaya siririya a gefen wani rami mai zurfi. Na bi siririyar. Ina cikin tafiya tsakuwa ta kuɓuce ƙarƙashin ƙafata, na sandare ina jiran ajali. Sai na ji ƙarar ta fito daga ɗaya gefen ramin, kurayen suka tashi suka yi can a guje. Na riƙe wannan a raina.

Ban san yawan kwanakin da na yi ba, don sanyi ya ɗauke mini lissafi, ya kuma wanke duk ƙaurin da ke jikina. Kogon kuwa da na shige shi sai na tarar da tafki na shuɗiyar wuta, faɗinsa ya kai gonar da na sayar, yana motsi a hankali, wani gunaguni na tashi daga cikinsa kamar kasuwa daga nesa. Muryoyin duk waɗanda suka taɓa hira a Zarambu ne. Na yi sallama, harshen wuta guda ya miƙe ya karkato wajena. Na miƙa kasko ya zauna a ciki.

Daga nan bakina bai huta ba. Na gaishe shi, na tambaye shi gajiya da iyali. Na karanta masa surorin da na haddace, na koma farko. Da na iso gefen ramin na juya fuskata ga bangon dutse na ɗaga murya, amonta ya riƙa fitowa daga ƙetare, kurayen suna ta kai da kawo a can suna cizon iska. Wata tsohuwa daga cikinsu ba ta ruɗu ba, ta biyo siririyar hanyar tana sansana. Na manne da bango ina raɗa wa garwashi sunayen mutanen Rafin Kanya gida gida, na tura wani dutse da ƙafa ya gangara, ta kai masa cafka ta bi shi ramin.

Da sunaye suka ƙare na shiga ba shi labarin Gwaggo: yadda ta bi wani mai awo da muciya har cikin masallaci, yadda take zagina idan na bar ƙofa buɗe. Na lura faɗanta ya fi yi masa daɗi a kan komai, don da na kwaikwayi muryarta sai ya yi haske har ya kashe mini ido. Ban yi barci ba, ban ci ba sai abin da zan haɗiya tsakanin kalma da kalma. Maƙogwarona ya tsage, ina tofar da jini. Da na hango ganuwa muryata ta koma kamar shafar busasshen ganye, amma garwashi yana raye.

Na shigo unguwar Masaƙa da azahar. Tsuntsaye ba su kula ni ba. Tun daga bakin lungu na ga babu hayaƙi a kan rufinmu, na ga takalma jibge a ƙofarmu, ta taga kuma shuɗin haske. Tunau na tsugune can nesa a jikin bango. Ya hana ni matsowa da hannu, ya yi magana yana kallon ƙasa, ya ce kada in amsa masa.

Ya ce ranar da na tafi Gwaggo ta tsare shi da tambaya, ta ce idan ya yi mata ƙarya ba ta yafe ba. Ya gaya mata komai, har da abin da Inna Tabawa ba ta gaya wa turmi ba: wanda ya ɗebo wuta daga dutse ba shi da uban wuta. Za a yi masa magani, za a amsa gaisuwarsa, amma babu mai koya masa sana'a, babu mai ba shi 'ya, ranar da ya mutu babu wanda makararsa ta rataya a wuyansa. Sai ta ce yaron nan ya tashi zai je ɗebo wuta, ita ta ce ya zauna. Ta sallami Tunau, ta tuntsurar da randa a kan murhu, ta sa sakata. Ya yi ta buga ƙofa tana ce masa ya tafi ya ba mutane wuri da ƙaurinsa. Da ƙanƙara ta fito a kan duwatsun murhu ta buɗe, ta ɗauki murfin tukunya tunda kasko na wurina, ta ja jiki da gwiwa ta tsallaka lungu zuwa ƙofar Shekarau masaƙi. Ta ɗaga murfin ta ce a taimaka wa ɗanta Nomau da wuta.

Na shiga. Ɗakin cike yake da maƙwabta suna hira don wuta ta ci. Inna Tabawa na durƙushe da tukunyar surace, da ta gan ni ta girgiza kai a hankali. Gwaggo na kwance cikin barguna masu kyau waɗanda ba namu ba, leɓunanta sun yi baƙi. Ta buɗe ido.

Ta ce, "Uban 'yan yawo, ka dawo? Dubi yadda ka koma." Ta huta. "Ga maƙwabtanka nan. Wancan mai gemun shi ne uban wutarka, ka riƙa gaishe shi. Ban taɓa roƙon kowa ba sai a garin nan, Nomau. Kada ka bari ya tashi a banza."

Na buɗe baki in ce mata ga shi na kawo, da ta jira ni, da ko itace ɗaya ta bari yana ci. Babu abin da ya fito sai iska. Na ɗaga mata kaskon.

Ta ce, "Ka yi shiru. Gara haka, da gardama za ka yi mini."

Kafin la'asar ta cika. Ina zaune a gefenta da kasko a cinya, ban san lokacin da garwashin ya mutu ba.

Ban taɓa ganin jana'iza mai kyau kamar wadda mutanen Zarambu suka yi mata ba. Ladingo, matar Shekarau, wadda ta gudu da kaskonta ranar farko, ita ta yi mata wanka tana kuka. Shekarau ya ba da likkafani daga saƙar hannunsa, ya kama gaban makara. Mai gurasar da na kashe wa tandu ya aiko da kwando cike, ya ce ya yafe. Akushi ya yi ta shigowa har na rasa inda zan ajiye. Kowa ya zauna sai ya riƙe hannuna ya ce mini sun yi ta addu'a a ranar nan in tsallako, Shekarau ya ce shi har ya sa an gyara mini wurin zama kusa da murhunsa, taku kaɗan ne tsakaninmu. Ina jinsu, ba ni da muryar amsawa, suka ɗauka haƙuri ne, suna yaba mini.

Bayan an share makoki Shekarau ya kai ni wurin Inna Tabawa ya ce ga ɗansa, ta koya masa magani. Ta karɓe ni hannu biyu. A ranar ta nuna mini ganyen da ake zubawa a tukunyar surace. Ɗan ganye ne mai kama da na tafasa, yana fitowa a jikin ganuwa, har a bayan gidanmu akwai shi.

Washegari na ɗauki guga na tafi rijiya. Mata suka gaishe ni da sunana, suka matsa mini wuri a cikinsu. Tunau na bakin rijiya yana fasa ƙanƙara. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe kafin ya tuna, ya ce, "Samari, ya ƙarin haƙuri?"

Matan suka janye gugunansu suka juya masa baya. Muryata ta riga ta dawo tun daren jiya, gaisuwar tana bakina. Na tuna da murfin tukunya, na tuna da gwiwoyin da suka tsallaka lungun nan. Na janye gugata, na juya na fuskanci bango tare da su, na tsaya ina jin ƙarar gudumarsa har ya gama ya tafi.

Haka na zama mutumin Zarambu. Iyakar abin da na gani ke nan, Allah ya jiƙan wadda ta goye ni.